Illa Mai Bobin da Zazzaɓin Ampili

Duk wanda ya san Illa Mai Bobin a Arlit ya san ba ya fara gaida mutane. Ko ɗaurin aure ya shigo, sai ya wuce kowa ya je wurin ampili, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ya ɗora masa bayan hannu kamar uwa mai duba zazzaɓin ɗa, sannan ya juyo ya ce salamu alaikum. In ya ji zafi kuwa, to ka shiga uku. Kama hannunka zai yi gaban jama'a, da Hausarsa ta Tawa: "Taɓa ka jiya! Mi wanga bawan Allah ya yi maka?"

Ni na fi kowa shan wannan wulaƙanci, don haya nake ba da kayan sauti. Shi tsohon mai aikin lantarki ne a kamfanin ma'adinai, da ya bar aiki ya koma ƙera bafil, wato akwatin lasifika, a wata rumfa ta kwano.

Ampili biyu na ƙona a hannuna, saura ɗaya tal, kuma shi ke ci da gidana. Shi ma ya fara ɗauke numfashi tsakiyar biki. Na kai wa Illa shi, sai ya ture shi gefe.

"Wanga lafiya tai lau. Kawo bafil ɗin."

Ya buɗe, ya ga manyan lasifika biyu na haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ya yi salati kamar an yi mutuwa.

"Sani, kowace om huɗu ce, awon taurin kanta ke nan. Ka haɗa su haka, sun koma biyu! Bafil in ba shi da taurin kai, zuƙar wuta yake ba ƙoshi, ampili shi yi ta ba shi har shi suma. Kai dai ba ka da imani."

Na ce to, a sa musu rezistans mana, ai na ji shi ke ƙara om. Wayyo, da ban faɗa ba! Ya ɗauko wani ƙaton rezistans ya jona, ya ƙure kiɗa, ya zauna yana kallona. Can ya ɗauko 'yar butar shayinsa ya ɗora a kai.

"Me kake yi haka, Illa?"

"Shayi nika ɗumamawa. Ba murhu ka ce in yi maka ba?"

Sai ya jera lasifikan ɗaya bayan ɗaya, suka zama om takwas. Na ce alhamdu lillahi, an gama. Ina! Wai filtir ma sai an sake, wannan ɗan allon da ke raba sauti, ya ba manyan lasifika amon ganga, ya ba 'yar ƙaramar lasifika siririn amo. Wai tunda taurin kai ya ƙaru, sai bobin, wato naɗin jan waya, ya ƙaru, kondansater mai tara wuta kuma ya ragu. Na ce a aika Agadas a sayo. Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. Illa ya sayi waya? Mutumin da ke miƙe ƙusa ya sake amfani da ita! Har lambu ya ja ni, wurin wani Ba'abzine abokinsa, muka kwaso mataccen injin ban ruwa. Ya warware jan wayar cikinsa, ya naɗa a guntun tiyo, ni ina riƙe da ɗaya bakin kamar mai taya saƙa. In na yi magana ya ce na ɓata masa naɗi, a koma farko.

Da muka kunna, raina ya ɓaci. Wallahi har na ji ƙwalla.

"Illa, ka kashe ni! Ƙarar ta ragu!"

"Ta ragu kaɗan. Taɓa ka jiya."

Na taɓa, sanyi ƙalau. Na ce ai mutane ba sanyi suke haya ba, ƙara suke haya. Ya ce in kwashe kayana in ba shi wuri.

Ana haka aka ɗauke ni bikin ɗiyar wani direba. Dangin ango kuma suka ɗauko wani saurayi da ya samo zinariya a Cibarakaten, ya sayo bafil jibga-jibga, ya jona su duka a ampili ɗaya. Da ya kunna, ƙirjina ma rawa yake. Masu gita suka dubi nawa suka yi dariya, suka jona a nasa. Na tsaya kamar maraya, na san in aka tashi haka ba mai sake nemana a garin nan.

Illa ya iso, ya wuce kowa, ya ɗora hannu a ampilin yaron, ya fizge da sauri.

"Samari, ka yi mashi fifita."

Aka yi masa ihu. Ya je ya zauna a inuwa ya sa rawani ya rufe fuska.

Kun san zafin ranar Arlit. Bayan la'asar kaɗan, kiɗa ya kai inda ake so, mata sun cika fili, amarya ta miƙe ke nan, sai ɗif! Hayaƙi daga ampilin yaron. Uban amarya ya rugo: "Sani, don Allah rufa mini asiri!"

Jama'a, ranar na san daɗin duniya! Aka jona a nawa, gita ta tashi tas, ganga na dukan ciki, har aka kira magariba bai ko yi tari ba. Illa kuwa ya tashi, ya bi mutane ɗai-ɗai, har da uban ango da babbar rigarsa, yana jan hannunsu zuwa ampilina: "Taɓa ka jiya! Taɓa ka jiya!" Yaron zinariya ma sai da ya taɓa. Washegari da safe yana ƙofar rumfar Illa da bafil ɗinsa a amalanke.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi na je dubiya. Ban san lokacin da na ɗora masa bayan hannu a goshi ba. Zafi zau. Ya buɗe ido ya yi murmushi.

"To, ka koya ke nan. Bari, wanga ba ya gyaruwa. Naka fa?"

"Sanyi ƙalau, Illa."

"Madalla."

Har yau da ampilin nan nake ci da iyalina, kuma ban taɓa kunna shi ban tuna ka ba. Allah ya jiƙanka, Illa, ya yafe maka. Yadda ka sanyaya mini rai ranar nan, Allah ya sanyaya makwancinka. Amin.