Ranar da Inna Ta Kira Ɗan Farinta

Ko zan manta da komai a duniya, ba na jin zan manta da safiyar da na raka Inna gidan yari, 'yan watanni bayan sojoji sun koma bariki.

Yayana, ɗan farin Inna, ya shekara huɗu a tsare yana jiran shari'a. Rigima aka yi a kasuwa aka kwashe mutane har da shi, alhali bawan Allah bai san komai ba sai ɗinkin hula a unguwar Soron Ɗinki. Da gwamnatin farar hula ta ce za ta rage cunkoso a gidajen yari, sai aka turo wani alƙali ya duba irinsu. Ni dai ban sa rai ba, don na ƙoshi da alkawuran rediyo.

Inna kuwa, saboda kunyar ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Yaron nan" take cewa, ga shi ya doshi arba'in. Sai ta dafa abinci ta ce, "Ki kai can." Ni da ɗan bokona, ina malamar firamare, haushi nake ji ƙwarai, ina ganin taurin zuciya ne kawai.

Da aka zo kan yayana a gaban alƙalin sai magana ta cije. A littafin gidan yari laƙabinsa na kasuwa aka rubuta, a takardar kotu kuma sunan yanka. Magatakarda ya ce sai uba ko uwa sun shaida mutum ɗaya ne, in ba haka ba a mayar da shi ciki. Baba ya rasu. Na yi caraf na faɗi sunan, magatakarda ya ce, "Malama, ba ke aka tambaya ba."

Alƙalin dattijo ne, da ganinsa ɗan cikin birni. Ya dubi Inna ya ce, "Hajiya, na fari ne?" Ta sunkuyar da kai. Ya ce, "To ni zan faɗa, ke ki gyaɗa kai kawai."

Inna ta gyara mayafi ta ce, "Allah gafarta Malam, suna ne ya riƙe shi a nan. Bari in faɗa da bakina, kada gobe a ce ba a ji ba."

Ba alƙalin ta duba ba. Yayana ta juya ta kalla, ta kira shi da ƙarfi, kamar tana kiran yaro daga soro. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Ya ce, "Na'am, Inna," sai ya durƙushe yana kuka. Alƙalin ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa kafin ya sa hannu a takardar sakinsa.

Muna tafiya gida, daidai unguwar Shahuci, ta ce min, "Ki ce wa yaron nan ya rage sauri." Har ta koma ga Allah ban sake jin sunan a bakinta ba.

Shekara da shekaru na yi ina zargin wannan baiwar Allah, ashe ni ce ban san komai ba. Tun ranar na daina auna ƙaunar mutum da abin da bakinsa ke faɗa.