Sawu a Busasshen Siminti

Ni ba maso ba ne, kada wani ya ji na ambaci siminti ya zo mini da aikin gini. Lakwal ma, makarantar boko, da aka kama ni aka kai, ta taga na fice kafin malamin ya gama rubuta sunana. Abin da na iya a duniya shi ne ɗaukar kaya, da neman dabarar da aiki zai yi kansa ina zaune a inuwa.

A shekarun farko bayan Nasara sun miƙa mana ƙasa, ina dako wurin wani alhaji mai sayen gujiya a Maraɗi. Kamyo, babbar motar kaya, ya tafi da gujiya, ya komo da siminti. Buhun na takarda ne, ba ya rasa fashewa a hanya, alhajin kuwa ya ce abin da ya zube a cikin mota na wanda ya share ne. Daga ranar na zama mai tsabta. Matata ta ce tunda aka ɗaura mana aure ba ta taɓa ganina da tsintsiya ba sai a motar mutane.

Filina yana can bayan gari, wajen da yau ake kira unguwar Zariya. Lokacin gonakin hatsi ne da kurege. Na yi ɗakuna na ƙasa, na zagaye da darni. Da babana ya rasu na je Jiratawa na ɗauko Inna, don gidan ya zama kango, idonta kuma farar yana ta rufe shi, sai haske da duhu take bambantawa. Ba ta so tahowa ba. Na ɗora ta a amalanke da gaggawa, ina ce mata hadari ya taso, alhali sama fes take.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunana. "Kai wannan," take cewa. Kuma a yini takan faɗa babu iyaka, don duk inda za ta sai an riƙe mata hannu.

Damina ta farko ta faɗi tsakanin ɗakinta da makewayi. Ba kowa a gida, ta kwanta cikin taɓo har matata ta dawo daga rijiya. Da aka wanke ta, ta kira ni.

"Kai wannan. Kafin wata damina ka mai da ni gida. Can ƙafata ta san ƙasa."

"Wa zai dafa miki a can, Inna?"

"Wa ya ɗaga ni a nan?"

Na tashi na fita. Amma na ƙudurta ba za ta koma kangon nan ba. Zan yi mata hanya ta siminti, ta taso daga ƙofar gida, ta bi ta makewayi, ta dire bakin ɗakinta, wadda ko makaho zai ji ta a tafin ƙafa ya bi.

Masu gini kwaɓawa suke yi, su zuba ruwa, su juya da shebur har ƙugu ya ƙage. Ni kuwa na taɓa ganin buhun siminti da aka manta a waje, yayyafi ya taɓa shi, ya zama dutse ba wanda ya juya shi. Na ce ashe kwaɓawar nan neman suna ce. Na ɗebo rairai a gulbi, na samo tsakuwa, na gauraya su da simintina a bushe. Na kafa katakai gefe da gefe, na zuba garin a tsakani, na ja wani katako a kai har ya kwanta lif kamar an shafe shi da hannu. Sai dai simintin ya ƙare mini kafin in kai ƙofar Inna. Ya rage wajen da bai fi tsawon tabarma ba. Na ce ba komai, kamyo na gaba ya cika.

Hantsi ya yi zafi lokacin da na gama. Matata tana gidan suna, Inna tana ɗaki. Na ja kyauren darni na ɗaure da igiya, na tura tano, gangar ɗiban ruwa, zuwa rijiya.

Na dawo rana tsaka, lokacin da ko ƙadangare ya nemi rami. Igiya tana nan yadda na ƙulla ta. Na shiga, sai na ga sawu a kan garin.

Sawun mace ne, ƙarami, yatsun a warwatse irin na wadda ba ta taɓa sa takalmi ba. Ya fara daga ƙofar gida, ya bi tsakiyar hanyar daidai, bai kauce ba. A inda simintin ya ƙare, ƙafafun biyu sun tsaya a jere suna fuskantar ɗakin Inna. Na duba ƙasar da ke gaba, ba komai. Na duba ko ta juya, ba sawun komawa.

Na leƙa ɗaki. Inna tana zaune tana jan carbi, tafin ƙafarta ba ko ƙura. Nata ma faffaɗa ne.

"Wani ya shigo, Inna?"

"An yi tsaye dai a waje. Na ce a shigo, ba a shigo ba. Na zaci matarka ce take fushi."

Na yi abin da duk mai hankali irin nawa zai yi. Na ɗauki katako na shafe sawun, na ce 'yar tallan fura ce. Sannan na tsoma tsintsiya a ƙwaryar ruwa na fara yarfawa a hankali, don idan ka kwarara, ruwa zai wanke simintin ya bar maka tsakuwa. Garin yana shan ruwan yana wani ɗan sauti, kamar mutum yana zuƙar kunu mai zafi. Na bari ya yi ɓawo, na ƙara, na kuma ƙarawa har la'asar, na rufe da tsofaffin tabarmi.

Inna ta ji ƙarar tsintsiya daga ciki.

"Me kake yayyafa wa ruwa?"

"Hanyarki. Gari ne na zuba a bushe, yanzu nake ba shi ruwa."

Na ci gaba da yarfa ruwana. Can ta ce, "Daga ina ka faro?"

"Daga ƙofar gida."

"Har ina ya kai?"

"Saura kaɗan ya taɓa dokin ƙofarki."

"Bar shi nan," in ji ta. "Ka aika Tsibiri a kira mini kawunka."

Kwanaki ina shayar da hanyar safe da yamma, ta kama, ta yi tauri. Ranar da na kwashe tabarmi na watsa mata ruwa don in nuna wa matata gwaninta, muka tsaya muna kallo tana bushewa. Ko'ina ya yi fari, sai wasu wurare suka ƙi. Sawun da na shafe ya fito da damshinsa, ɗaya bayan ɗaya, har zuwa ƙafafun nan biyu da ke jere.

"Wannan ma cikin dabarar ne?" in ji matata. Tana faɗa tana ja da baya.

Kawu ƙanen Inna ne, manomi a Tsibiri, kuma shi bai bar al'adar Arna ba, ta iyayensu. Inna ce ta shiga sallah da ta auri babana. Ya iso a jaki da taba a baki. Na watsa ruwa, ya tsuguna ya jira, sawun ya fito. Bai taɓa ba. Ya tofar da tabar, ya gaida wurin kamar yadda ake gaida babbar mace, sannan ya juyo kaina.

"Ɗan birni, wa ya koya maka?"

"Ba kowa, Kawu. Kaina ne."

"Na ga alama. Da wani ne ya koya maka, da ya ce ka kwaɓa."

Ya zauna ya yi mini bayani. A gidansu akwai wadda ba a faɗin sunanta, sai dai a ce ta gida. Daga uwa take bin 'ya. Idan ana so ta shigo, sai a zuba garin hatsi a bushe, a ja shi layi daga ƙofar gida zuwa ɗakin mai ita, a yayyafa ruwa da tsintsiya. Ba a damawa. Abin da aka dama na mutane ne, busasshen gari da yayyafi nata ne. Tun rasuwar kakata ta zama rabon Inna. Inna ba ta karɓa ba, ba ta kuma kore ta ba, sun zauna a Jiratawa kowa da gefensa. Sai ga ni da amalanke, na kwashe tsohuwa ko sallama ba ta yi ba.

"Amma ai siminti ne, Kawu, ba hatsi ba."

"Ita ta san siminti? Ta ga gari, ta ga layi. Ta ma riga ruwan isowa, ka ga ta daɗe a bakin darninka tana jira."

"To idan na fasa shi fa?"

"Ka kira baƙuwa, ka rushe hanya tana tsaye a kai? Gwada, amma bari in hau jakina tukuna."

Ya shiga wurin yayarsa, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Ina waje, na tabbata tafiya Jiratawa ta zo. Da ya fito ya ce Inna ta fasa komawa. Ba ta barin baƙuwa tsaye a gidan ɗanta ta gudu. Sharaɗinta ɗaya, kada a cika guntun nan.

Haka muka zauna shekaru. Hanyar da na yi don Inna, kowa ya taka ta ban da Inna. Ita ta gefe take bi, cikin ƙasa, hannunta a nawa ko na matata. In ta zo daidai ƙarshen simintin sai ta ɗan karkata kafaɗa, kamar mai ba wani wuri a kasuwa, ta ce, "Sannu da tsayuwa." Gefen hanyar ya yi ta marmashewa, wani maso da ya gani ya yi dariya har da riƙe ciki, amma tsakiyar ba ta ko tsage ba. Duk ruwan da aka yi, in rana ta fito, sawun ne ƙarshen bushewa. Mun saba. Matata har takan ce wa baƙi su bi ta dama, ba ta gaya musu dalili.

Sai shekarar da ruwa ya ƙi, wadda mutanen arewa suka sauka gefen gari da ragowar dabbobinsu. Hatsi ya zama abin ɓoyo. Inna ta rame, gwiwa ta ƙi ɗaukarta. Wata safiya ina riƙe da ita, ta tsaya a wurin da ta saba karkatawa.

"Kai wannan. Cika guntun nan."

"Ke kika ce a bari, Inna."

"Ni na ce. Yanzu na ce a cika. Ta gaji, na gaji."

Na ce siminti ya yi wuya. Bayan kwanaki ta tambaya, na ce kamyo ya lalace a hanya. Ta sake tambaya, na ce gulbi ya ƙafe har rairai ya ƙare. Ta ce tunda aka haife ta ba ta taɓa jin fari ya cinye rairai ba. Alhali rabin buhu yana ƙarƙashin gadona. Na san abin da cikawar take nufi, ko ina zaton na sani, kuma ban shirya ba.

Ran nan na dawo daga tasha rana tsaka. Matata ta tafi layin rabon hatsi. Daga ƙarshen simintin zuwa dokin ƙofar Inna na ga farin layi siriri, a karkace, irin wanda makauniya za ta ja tana rarrafe. Garin kununta ne, wanda muke auna mata da tafin hannu, ashe tarawa take. An yayyafa masa ruwa, tsintsiya tana jingine da bango tana ɗiga. Kaji biyun da suka rage mana, masu cin ko tsakuwa don yunwa, suna tsaye nesa suna kallon garin. Ba wadda ta matsa.

Na tsaya a bakin ƙofa. Inna ta shimfiɗa tabarma biyu. Tana zaune a ɗaya, ta juya fuska wajen ɗayar, tana ba da labarin wata rijiya ta Jiratawa da ta rufta tun tana yarinya. Takan dakata, ta saurara, ta yi 'yar dariya, ta ci gaba. Na yi sallama. Ta amsa ba tare da ta juyo ba, kamar yadda ake amsa wa yaro in manya suna magana.

Ba ta mutu ran nan ba, ba ta mutu watan ba. Ta kai har kakar da ta biyo, ta ci sabon hatsi. Amma daga ranar ta hau hanyar siminti. Takan fito ita kaɗai, ta bi tsakiya a miƙe, hannunta na hagu a ɗage kaɗan, yatsun a lanƙwashe kamar mai riƙe da hannun wani. Ba ta ƙara tuntuɓe ba. Nakan zauna a gindin darni da hannuna a kan gwiwa, a shirye, ina jira ta ce kai wannan. Sai ta wuce ta gabana, ta je, ta dawo, ta shige ɗaki.