Dattijon da Ya Rubuta Tauraro a Hannunsa

Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah a bakin famfon tasha! Wani dattijo ne dogo siriri, tabarau a karkace, biro a bayan kunne. Ya naɗe hannun riga zai yi alwala, sai ya ƙame da buta. Ashe daga tafi har gwiwar hannu duk rubutu ne, lambobi da ƙugiyoyi kamar sawun kaji. Da gani takarda ce ta ƙare masa a mota, ya koma kan fata. Na rantse a gida ko zanin gado bai tsira ba.

"Baba, laya ce?" in ji ni.

"Tauraro ne, ɗana. Irin wanda aka dunƙule da abin da ido ba ya gani. Ina neman iyakar nauyin da zai ɗauka kafin ya rufta cikin kansa. Shekara uku ina binsa, sai yau ya fito a kujerar baya."

"Wa ya aike ka auna abin da ba a gani?"

Dariya yake har da tari. Wayarsa ta mutu, ga shi an tayar da salla.

"Ɗaukar mini hotonsa da wayarka. Kada hannunka ya yi rawa!"

Na ɗauka, ya wanke, tauraro ya bi kwata.

Yanzu yana cikin sahu. Ni da na gudu daga lissafi tun aji biyu, ga ni rungume da shekara ukun mutum a waya, motarmu ta cika, direba sai danna hon yake. Liman, don Allah gajeriyar sura!