Rigar da Ɗan Takara Ya Kasa Sawa

Komai zan iya mantawa a duniya ban da ranar da aka warware ɗinkina a gaban jama'ar unguwarmu, Kwarbai.

Ni mai ɗinkin hannu ce, tun ina budurwa nake yin aska takwas a ƙirjin babbar riga. Ƙanena kuwa tela ne, shi ke haɗa mini rigunan. A wani zaɓe 'yan bangar siyasa suka kaure da faɗa a bakin shagonsa, ya fito rabo, aka soke shi a ƙirji. Ɗan takarar da yaransa suka yi wannan aika-aika ko gaisuwa bai aiko ba. Rigar da ƙanena ya rasu a cikinta mahaifiyarmu Inna ta wanke, ta kulle a adaka, ta hana a yi sadaka da ita.

Da zaɓe ya zagayo, sai ga mutumin nan zai zo neman ƙuri'a. Al'adarmu ce a yafa wa babban baƙo riga, don haka mai unguwa ya aiko mini da farar shadda. Ko ya manta ne, ko ya ɗauka ni na manta, oho.

Na ce, "Inna, ba ni rigar nan."

Ta ce, "Ke da zuciyar nan taki, za ki jawo mana masifa." Amma ta miƙo mini makulli.

Na zana askokin kamar kullum, amma da ƙyallen rigar ƙanena na cike su. Inda wuƙa ta huda na ɗora daidai ƙirji, na kewaye da jan zare. Na yago fastar ɗan takarar daga bangonmu, na ɗinke fuskarsa a ƙarƙashin hujin. Wata guda ina yi ina kuka. Da na gama na ninke ta yadda ake ninke riga, ɗinki a ciki.

Ranar taro maza suka cika ƙofar gidan mai unguwa, mu mata muna leƙe daga zaure. Baƙo har ya sunkuyar da kai a yafa masa lokacin da mai unguwa ya warware rigar.

Ɗan takarar ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ɗaga murya daga zaure: "Ranka ya daɗe, yaranka ne suka fara aikin. Ni ƙarasawa kawai na yi."

Bai taɓa ta ba, ya shige mota. Mai unguwa ya dawo mini da rigar, ya ce na kunyata unguwa, 'yan siyasa suka daina kawo mini aiki, na kuwa ji a jikina. Amma bayan mako guda wata tsohuwa ta yi sallama daga unguwar Tudun Jukun, riƙe da hular ɗanta da 'yan banga suka kashe. Ta ce, "'Yata, ki ɗinka nawa a ciki."

Daga ita wasu suka yi ta kawo kayan mamatansu, ina ɗinkawa. Har yau rigar tana rataye a ɗakin Inna, kuma ta yi nauyin da babu kafaɗar da za ta ɗauka. A nan na koyi cewa baƙin cikin da aka kulle a adaka mai shi kaɗai yake ci. In ka fito da shi fili, wanda ya jawo shi ne zai rasa inda zai sa idonsa.