Teburin Mu'azu Kafinta

Mu'azu kafinta ne a Anka, shagonsa na bayan kasuwa, inda ake jin kukan zartonsa tun hantsi. Mutum ne marar yawan magana, wanda in ka kawo aiki zai auna, ya faɗi rana, ya cika.

A shekarun da gubar dalma ta addabi yaran Bagega, an ɗauke shi aikin haɗa bencina a wurin jinya. Can ya ga wasu baƙin ma'aikata, in sun samu hutun rana, suna kewaye tebur da ƙwayoyi irin na ludo. Ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ɗauki sunan wani abin bautar mutanen dā, na Girka ko na Masar, ya faɗi abin da zai yi, ƙwaya ta yanke ko ya yi nasara. Babu kuɗi a ciki. Mu'azu ya tsaya da guduma a hannu yana kallo, ya ce a ransa, ai mu ma muna da namu.

Kakarsa Hure ta cika masa kunne tun yana ƙarami da labarin Sarkin Rafi mai riƙe ruwa, da Doguwa, da Dodo. Da ya dawo gida ya zana gulbi da daji a kan wani tsohon tebur da ƙusa mai zafi, ya sassaƙa 'yan mutum-mutumi da guntayen ƙirya. Ridwan, malamin firamare, abokinsa tun makarantar allo, shi ya tsara masa ƙa'idojin wasan. Kowace Juma'a bayan la'asar sukan zauna da 'yan abokai. Ridwan ba ya yarda kowa ya ɗauki Sarkin Rafi sai shi, yana kumbura murya har mai shayin maƙwabta ya leƙo yana dariya. A teburin nan ne kawai bakin Mu'azu yake buɗewa. Shekaru suka yi a haka.

Sai magana ta fara yawo a unguwa, wai kafinta ya ajiye gumaka a shago, ana kiran iskoki, ana caca. Mai unguwa ya kira shi, ga Malam Abubakar limamin unguwar zaune, dattijon da ba ya yanke hukunci da jita-jita.

"Allah gafarta Malam, tatsuniya ce muka yi da katako," in ji Mu'azu. "Ba mu bar salla ba ko sau guda. A tambayi Ridwan, tare munka fara."

Ya faɗi haka hankalinsa kwance. Ya san Ridwan yana neman auren Kausar, ɗiyar Malam, amma bai kawo komai a ransa ba.

Ridwan ya zo, ya durƙusa, bai dubi inda Mu'azu yake ba.

"Ni dai nasiha ka kai ni wurin, Malam. Na sha hana shi, bai ji ba. Abin gado ne. Kakatai 'yar bori ce, shi da bakinai ya gaya min."

Mu'azu ya juya ya dubi Ridwan. Maganar nan ko matarsa Habiba bai taɓa gaya wa ba. Ridwan kaɗai ya gaya wa, ranar da aka binne tsohuwar, yana kuka. Sauran abokan wasan da aka kira wurin kuwa kowa ya sunkuyar da kai.

Malam Abubakar bai kira shi mushriki ba. Cewa ya yi a ƙone sassaƙen, a bar abin da ke jawo zargi. Mu'azu ya ƙone su da hannunsa a ƙofar shago, ya faskara teburin. Amma bakin mutane ba ya ƙonuwa. Aikin ƙofofin masallaci da aka ba shi aka karɓe, masu kawo gadon amarya suka koma wani wuri, mata suka daina aiko wa Habiba goron biki. Kafin damina ta kama ya kwashe kayan aikinsa ya koma Gummi, wurin yayan matarsa. A can ya ji an ɗaura auren Ridwan da Kausar.

Wata ranar kasuwar Gummi yana goge katako sai ya ji sallama. Ridwan ne, ya yi ƙiba.

"Mu'azu, ka san halin da nike ciki lokacin nan. Da ban faɗi haka ba..."

Mu'azu ya amsa sallamar, ya tura masa benci, ya miƙa masa ruwa a moɗa. Ya koma kan katakonsa. Ridwan ya yi ta magana shi kaɗai har aka kira azahar, sannan ya tashi ya tafi.

Habiba ta kawo abinci, ta tambayi wane baƙo ne ya daɗe haka.

"Wani mutumin Anka ne," in ji Mu'azu, ya wanke hannu.