Na Yi Wa Maƙwabcina Hassadar Zazzaɓi

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Ina roƙon ka ba ni fili in faɗi abin da ya same ni ina saurayi, ka kuma sakaya sunana. A tsakiyar shekarun hamsin, lokacin da ake ta maganar mulkin kai, ni malamin makarantar elementare ne, ina zaune a gidanmu na gado a Fagge tare da Inna da ƙannena, mahaifinmu ya riga ya rasu. Gidan malamai ne, kuma ni ba ni da abin taƙama a duniya kamar hannuna na dama. Rubutuna yana da kyau, boko da ajami, har malaman da suka girme ni sukan tsaya a bakin aji su kalli allona kafin a goge. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da na wani Babarbare wanda iyayensa suka zauna a Kano tun kafin a haife shi. Bandar kifi yake sayarwa a kasuwar Sabon Gari. Ya girme ni, don haka Yaya nake ce masa, shi kuma ba ya kira na sai da Malam. Muna zaman lafiya, amma a can cikin raina ina ganin na fi shi, tun da ko sunansa ba ya iya rubutawa, kuma duk inda ya zauna sai ya bar ƙarnin kifi.

Ciwona ya fara ne da ɗan ƙari a sama da tsintsiyar hannun dama, kamar ƙwallon goriba, ba zafi ba ƙaiƙayi. Inna ta sa aka yi mini rubutu na sha, wanzami ya yi mini ƙaho, daga baya har sakiya aka yi. Abin bai fashe ba, sai ma ya ƙara tauri, ya fara hana ni riƙe alli. Ashe shi ma Yaya yana fama da irinsa a gindin wuya, yana ɓoye shi da rawani, har ya kai ba ya iya waiwaye sai ya juya jikinsa duka. Shi ne ya ji labarin wani tsohon likita Bature mai ɗan ƙaramin asibiti a gefen Sabon Gari, ya ce mu tafi tare. Likitan ya yanki ɗan nama daga kowannenmu ya aika aka duba. Da amsa ta dawo, disfensan da ke yi masa tafinta ya gaya mana cewa ciwon daji ne, mu duka biyun.

Zan faɗi gaskiya game da wannan likita, bai yaudare ni ba. Ya ce nawa da sauƙi, domin yana wurin da wuƙa za ta kai; a yanke hannun ƙasa da gwiwa, a bar mini abin da zan iya dafa takarda da shi, in ci gaba da rayuwata. Na Yaya kuwa ya kwanta a kan jijiyoyin wuya, ba mai iya taɓa shi. Abin da ya rage masa shi ne wata allura ta gwaji da aka haɗa da ƙwayoyin cuta waɗanda aka kashe da zafi. In aka yi wa mutum, jikinsa zai ɗauka cuta ce ta shigo, ya tashi faɗa da zazzaɓi mai tsanani, kuma a cikin faɗan nan wani lokaci yakan haɗa da ƙarin ya cinye. Ya maimaita cewa wani lokaci ne kawai, kuma shi kansa bai san dalilin da ya sa take yi wa wani aiki ta ƙi wani ba. Ni dai abin da kunnena ya ɗauka shi ne, mai kifi za a yi masa allura ya tafi da jikinsa cikakke, ni malami za a guntule ni. Na ce ban yarda ba, abin da za a ba shi ni ma shi za a ba ni. Likitan ya yi ta jan hankalina, da ya ga na kafe sai ya yarda a gwada na ɗan lokaci, da sharaɗin in ba a ga canji ba zan amince da tiyata.

Aka kwantar da mu a ɗaki ɗaya, gado na kallon gado. Da safe ake yin allurar. Yaya ba ya daɗewa sai sanyi ya kama shi, haƙoransa su yi ta haɗuwa, gadon ƙarfen ya riƙa ƙara saboda makyarkyata. A lulluɓe shi da barguna, can sai jikin ya ɗauki zafi kamar garwashi, ya yi ta sambatu da Barbarci yana kiran mahaifiyarsa da ta rasu. Likita ya zo ya duba ma'aunin zafi ya gyaɗa kai yana murmushi. In ya iso gadona kuwa, sai ya duba ya wuce. Ni ɗan ɗumi kawai nake yi da ciwon kai, kafin azahar na wartsake ina neman abinci. Ya ƙara mini yawan maganin, jikina ya ɗan motsa, sannan ya saba da shi. Masu karatu za su yi mamaki, amma wallahi ina kwance ina kallon bawan Allah yana fama da azaba, zuciyata tana cewa me ya sa ba ni ba. Na kai ga in faki idon nas in fita bayan ɗakin in zauna cikin rana da bargo, in tauna barkono, don dai ma'aunin nan ya hau in ga likita ya yi mini irin murmushin da yake yi masa.

Kafin damina ta wuce ƙarin Yaya ya yi laushi, ya fara zubar da ruwa, ya riƙa motsewa. Wata safiya na ga ya waiwaya ya amsa sallamar matarsa ba tare da ya juya kafaɗa ba. Matar ta fashe da kuka, ɗakin ya cika da hamdala, ni kuwa na juya fuskata bango na yi kamar barci nake. Daga nan na shiga zargi. Na ce ai kwalbarsa daban ce, tawa an tsarma ta da ruwa. Na ce kifin da matarsa take kawo wa ma'aikata shi ya sa suke fifita shi. Disfensa ya nuna mini da idona cewa daga kwalba ɗaya ake zuƙo mana, ban yarda ba. Da aka sallame mu muka koma zuwa asibitin daga gida, sai na daina bin hanyar da yake bi. In na ji muryarsa ta bayan katanga yana wasa da 'ya'yansa, abinci ba ya shiga bakina. Miyar kifin da suke aiko mana na hana Inna karɓa.

Lokacin da muka yi alkawari da likita ya cika, ya tuna mini da sharaɗinmu, na ce a ƙara mini. Ya ce akwai abu ɗaya da ya rage, shi ma gwaji ne, kuma bai sa rai da shi sosai ba. Ya yanki wani ɓangare na ƙarin nawa, aka niƙa shi, aka kashe ƙarfinsa, aka riƙa yi mini allurarsa a ƙarƙashin fata kamar rigakafi, wai ko jikina zai gane abokin gabarsa ya far masa. Abin kunya, har daɗi na ji, domin wannan ba a yi wa Yaya ba, nawa ne ni kaɗai. Wurin allurar ya yi ja ya yi ƙaiƙayi, shi ke nan. Ƙarin ya ci gaba da hawa, ya doshi gwiwar hannu, yatsuna suka kumbura suka daina lanƙwasuwa. Na ajiye aikin makaranta. Likita ya ce ba zai sake yi mini wata allura ba, tiyata kaɗai ta rage, kuma kowane mako da na ƙara wuƙar tana ƙara matsawa sama. Na yi fushi na daina zuwa.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Yaya ya yi sallama a zaurenmu. Ya rame, amma wuyansa sumul, sai tabo. Ya zauna a ƙasa kusa da tabarmata, ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ce, "Malam, don Allah ka bari a yanke. Ni da wurin yankewa gare ni, da ban kwanta an yi mini wannan allura ba. Ka ga kamar daɗi na ji? Kullum ina kallonka kana cin abincinka, ina cewa ina ma ni ne." Na dube shi na ce, "Yaya, kai ka warke, sai ka zo ka ga an mai da ni mai dungu hankalinka ya kwanta. Tashi ka ba ni wuri." Ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita. Inna tana bayan ƙofa ta ji komai. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ce ita ɗa take so, ko da hannu ko babu, kuma in na mutu a kan wannan taurin kai ba ta san abin da za ta gaya wa mahaifina ba ranar da suka haɗu.

Duk da haka sai da na ƙara ɓata lokaci, har wurin ya fashe ya fara wari, ƙannena suka daina shiga ɗakina. Ranar da na amince, ba ni da ƙarfin tafiya. Yaya ne ya ɗora ni a kan kekensa yana turawa, daga Fagge har asibitin, bai ambaci abin da ya wuce ba. Da na farfaɗo daga tiyata na kai hannun hagu na shafa, sai na ji babu komai tun daga kusa da kafaɗa. Ƙarin ya riga ya haye gwiwa. Likita bai ce ai na gaya maka ba, amma ni na san inda ya fara nuna mini da yatsa, na kuma san inda aka yanke.

Allah ya yi da sauran kwanana, ciwon bai dawo ba. Na koyi rubutu da hagu, mummuna amma ana karantawa, na koma aji, na yi aure na haifi 'ya'ya. Sai dai ƙarya nake in na ce hassadar ta tafi tare da hannun. Shekaru na yi, in na ga Yaya ya ɗaga buhun banda da hannu biyu ya aza a kai, sai in kawar da kai. Shi kuwa duk Sallah sai ya shigo ya naɗa mini rawani, domin mai hannu ɗaya ba ya iya naɗi mai kyau. A hankali, ban san ranar ba, hassadar ta sake ni. Ya rayu har ya ga jikoki, ya rasu da tsufa ba da wannan ciwo ba. Da za a yi masa wanka 'ya'yansa suka ce ya bar wasiyya ni zan yi. Ban iya ba. Wani ne ya wanke shi, ni na tsaya a kansa da buta a hannun hagu ina zuba ruwa, ina neman gafararsa a lokacin da ba zai iya amsa mini ba.

Yanzu ina jin ana cewa likitoci sun koma binciken irin wannan magani da ke tayar da jiki ya yaƙi ciwon daji da kansa, ina kuma yi musu fatan nasara, domin na ga ya yi aiki da idona. Amma na ga inda ya ƙi, a jikina. Shi ya sa nake jan kunnen duk mai jinya da masu jinyarsa: kada ku auna ciwonku da na gadon kusa. In likita ya ce abu gwaji ne, ku ji kalmar da kyau, ku tambayi ranar da za a tsaya, in ta zo ku tsaya. In kuma kuka ga wani ya samu sauƙi zuciyarku ta yi nauyi, ku yi gaggawar faɗa wa wanda zai gaya muku gaskiya, tun kafin nauyin ya fara yanke muku shawara. Ni ciwon daji rabin hannu ya nema a wurina. Sauran rabin ni na bayar da kaina, saboda na kasa jure ganin maƙwabcina ya warke.