Lambar da Tanwir Ya Haddace

Duk wanda ya yi musabaha da Fazal Din sai ya sake duban hannun. Yatsunsa sumul suke kamar bayan cokali, babu zane ko ɗaya, farar ƙasar majema ta cinye. Tun yana saurayi yake aiki a ramukan da ake jiƙa ƙirgi a nan Kasur ta Pakistan, ni kuma, Gulzar, teburin shayina yana bakin ƙofar majemar, don haka kusan duk shayin da ya sha a rayuwarsa ni na zuba masa. Ba ya jin zafin kofin shayi. Nakan ce masa, "Fazla, kai ko garwashi aka ɗora maka a hannu sai ka ce a ƙara ɗumama shi," shi kuma ya ce in fara koyon zuba madara ta gaskiya tukuna.

Ba mai yawan magana ba ne. Ya auri Irshad Bibi, 'yar kawunsa, suka haifi mata uku da namiji ɗaya, Tanwir. Matan duk da guminsa ya aurar da su. Abu ɗaya ya rantse a kai, cewa Tanwir ba zai sa hannu a farar ƙasa ba. Ya sa shi makaranta, yaron ya gama, ya yi ta yawon neman aiki, amma duk inda ya je da an ji sunan unguwarmu sai fuska ta canja. Mutanen garin nan suna son takalmin fata, ba sa son wanda ya jeme ta, kuma har gobe abin yana ƙona mini rai.

Layin wayar Fazal ma daga majemar ya fito. Mai majemar, wanda kowa ke kira Seth, ya ɗauki layuka da yawa a kwantiragi ɗaya da sunan kamfaninsa, ya raba wa tsofaffin ma'aikata don ya same su duk lokacin da mota ta kawo fatu. Fazal Din bai iya karatu ba, bai ma san lambar da ka ba. In aka tambaye shi sai ya ƙwala wa Tanwir kira, lokacin yana firamare, yaron ya zo ya rera ta kamar waƙa. A hankali lambar ta zama ta gidan. Da ita aka yi maganar auren 'yan matan, da ita aka sanar da dangi rasuwar uwar Fazal.

Da neman aiki ya ishi Tanwir, sai ya bi wani dillali mai kai samari Turai ta ƙasa, ta Iran da Turkiyya. Kiransa na ƙarshe ya samu uban a teburina, kuma da yake kunnen Fazal ya fara nauyi, a fili ya saki muryar, ni ma na ji.

"Abba, gobe za mu tsallaka. Sun ce za su karɓe wayoyinmu. Ko me zai faru kada ka canja lambar nan, ita kaɗai ce a kaina."

"To, ɗana. Allah ya kiyaye hanya."

Daga nan shiru. Dillalin ya ɓace. Waɗanda suka dawo daga cikin tawagar kowa da labarinsa: wani ya ce an kama su an kulle, wani ya ce sanyin duwatsu ya kwantar da wasu, wani ya ce ya ga Tanwir ya wuce gaba. Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Da yake ba a zuwa bakin rami da waya, kullum da safe Fazal yakan ajiye mini ita kusa da gwangwanin sukari, ya ce in kasa kunne. Irshad Bibi kuwa ta hana shi zuwa biki, wai kada ƙarar ganga ta danne ƙarar waya.

Sai Seth ya rasu, ɗansa ya dawo daga Lahore ya hau kujerar, yana zagaya majemar da ta yi masa tuwo da miya da hankici a hanci. Ƙaramin Seth ya ce layukan nan asara ce. In kwantiragin ya ƙare ba zai sabunta ba, kuma duk wanda ya bar aiki kafin nan, ranar za a yanke nasa. Da Fazal ya ji haka ko shayinsa bai ƙarasa ba.

Ni na raka shi ofishin kamfanin waya. Wata yarinya a bayan gilashi ta yi mana bayani: ana iya cire lamba daga kwantiragi kafin wa'adi, in mai kwantiragin ya sa hannu kuma aka biya tara, sannan ma'aikacin ya dangwala yatsa a na'ura, layin ya koma sunansa. Sa hannun ya ci wa Fazal zarya da tsayuwa a ƙofar ofishin yaron da ya taɓa goyawa a kafaɗa. Daga ƙarshe ƙaramin Seth ya sa, bisa sharaɗin a cire tarar daga albashi. Muka koma da murna, muna ganin an gama mai wuyar.

Na'urar ta ƙi babban yatsa. Ta ƙi manuni. Yarinyar ta kira shi yadda muke girmama dattijo, ta ce, "Baba ji, goga shi a goshinka ya ɗan yi maiƙo." Ya goga. Aka bi yatsun nan ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare, kowanne jar fitila. Mutanen layi suka fara ƙunƙuni, wani ma ya ce ko tsohon aljani ne. Na miƙa nawa yatsan na ce a sa da sunana, aka ce ƙa'idarsu layin ma'aikaci sai ma'aikacin da kansa. Na tambaye su ko katin shaidar da ke hannunsa da hotonsa na ado ne, muryata ta yi sama, mai gadi ya raka ni waje. Wani dattijo a cikin ma'aikatan ofishin ya biyo mu ya ce wa Fazal a hankali, in ya nisanci farar ƙasa na wani lokaci yana shafa mai, wani sa'in zanen yakan dawo.

Nan abin ya ɗaure. In ya ci gaba da aiki, yatsu ba za su warke ba. In ya bar aiki, a yanke layi. Ya roƙi a mai da shi wajen shanya ko bakin ƙofa, ƙaramin Seth ya kira shi Chacha, wato baffa, ya ce, "Majema nake gudanarwa, ba asibitin yatsu ba." Ya gwada safar roba, ruwan ya riƙa shiga ta sama yana kwanciya a ciki, abin ya fi da muni. A ofis kuma an gaya mana cewa layin da aka yanke yakan zauna ajiye na wasu watanni kafin a sayar wa wani, kuma da takardar da ke hannunsa zai iya karɓo shi. Fazal ya auna, ya ajiye aiki. A makon aka yanke layin. Duk da haka bai fasa kawo mini wayar caji ba.

Duk lokacin sanyin nan a bencina ya yi shi, hannuwa naɗe da tsumma da man shanu. Irshad Bibi ce ke gutsura masa roti, gurasarmu ta alkama, tana sa masa a baki. Nakan ce, "Amarya, yaushe za a cire lallen?" ya yi ɗan murmushi don kada in ji kunya. Surukansa suka riƙa aiko da garin alkama, da farko da sakin fuska, daga baya da magana a kai. Kowane mako mu hau bas mu je ofis, mu dawo da jar fitila. Ban taɓa ganin mutum yana kallon yatsunsa da roƙo irin haka ba, kuma tausayinsa ya sha hana ni cin abinci.

Ana gab da girbin alkama, wata safiya ya ja ni cikin rana ya nuna mini ɗan ƙaramin yatsansa na hagu. Zane ne siriri, sai ka ƙura ido za ka gani. Muka tafi. Na'urar ta yi koriyar fitila, Fazal ya yi dariya har na hango turamen haƙoransa. Yarinyar ta shiga danne-danne, sai ta tsaya, ta tashi ta kira manaja. Manajan ya ce wa'adin ajiya ya wuce, an sayar da lambar. Ya ce ai ranar tana rubuce a ƙasan takardar. Sannan, don ya nuna shi mutumin kirki ne, ya ce zai zaɓa wa Baba ji sabuwar lamba mai kyau, mai sauƙin haddacewa.

A bakin titi na buga lambar da wayata. Wani saurayi ya ɗauka, sunansa Shabbir, direban riksho ne, wato keken haya mai ƙafa uku, a can birnin Multan. Da farko ya ɗauka 'yan damfara ne, ya kashe. Na sake kira na zayyana masa komai. Ya ce ba zai iya sayar da layin ba, don fasinjojinsa duk shi suka sani, har ya sa an rubuta lambar a bayan rikshonsa. Amma ya yi alkawari duk wanda ya kira yana neman Fazal Din na Kasur zai ba shi lambata.

Daga nan ya zama al'ada. Kowace Juma'a bayan an sauko, Fazal ya zo teburina in buga masa. Ya tambayi yaron lafiyar iyayensa da yadda aiki yake, sannan ya ce ko an kira, Shabbir ya ce babu. Har sun saba, yaron yakan tambayi jikin Irshad Bibi. Wata Juma'a a tsakiyar damina, da aka zo kan tambayar, sai Shabbir ya ce:

"Baba ji, akwai maganar da ta daɗe tana cina. Makon da na sayi layin nan, tun kafin ku neme ni, wani ya bugo. Lambarsa ba ta fito ba. Muryar can nesa take, ya ce, 'Abba?' Na ce ba nan ba ne, na kashe. Ya sake kira ina tsakiyar cunkoso da fasinja, na zage shi, na ce kada ya ƙara. Bai ƙara ba."

Fazal ya matso da wayar kusa da kunnensa mai ji. "Abba ya ce?"

"Abba ya ce."

"Muryarsa lafiya kuwa?"

"Ban sani ba, Baba ji. Ka yafe mini."

Ya ce masa babu komai, Allah ya yi masa albarka, ya miƙo mini wayar. Na zuba masa shayi, ya ɗauka, ya yi saurin direwa, don yanzu yatsun suna jin zafi. Ya daɗe yana kallon kofin kafin ya ce, "Gulzar, yana da rai ke nan." Na ce alhamdulillahi, yana da rai. Ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "Zai ɗauka ni na canja lambar."

Washegari ya shiga wurin ƙaramin Seth ya roƙi aikinsa, aka mayar da shi bakin rami. Daga teburina ina hango shi lokacin da ya naɗe hannun riga ya tsoma hannuwan a farar ƙasa. Wayar tana nan kusa da gwangwanin sukari, babu layi a cikinta, kuma kullum da safe sai ya ce in kasa kunne.